Yadda Nake Ɗinka Filafili da Ɗaura Igiyoyin Ƙaramin Sambuk na Katako

Kakana na wajen uwa a ƙasa ya tafi aikin Hajji. Ya bi ta Maiduguri ya shiga Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya ratsa Abeche da Junaina da Fashir, ya yi shekaru yana tsintar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan kafin guzurinsa ya kai shi Sawakin, a bakin Bahar Maliya. Daga nan aka ƙetara da su Jidda a jirgin katako mai filafili, irin wanda Larabawa ke kira sambuk. Idan yana ba mu labarin da daddare, yakan daɗe a kan wuri ɗaya: yadda matuƙan suka jeru a kan igiya guda suna ja suna waƙa, wata doguwar sanda tana hawa jigo tana kuka, sai farin ƙyalle ya buɗe ya rufe musu rabin sama. Wannan jirgin ne na zauna na sassaƙa ƙaraminsa, kuma na yi guda uku kafin na samu wanda raina ya kwanta da shi. Gangar jikin ba ta ba ni wahala sosai ba. Filafili da igiyoyi su ne suka ci mini watanni, don haka a kansu zan yi magana. Ina ɗauka ka riga ka gama jikin jirginka, ka shimfiɗa masa bene, ka huda inda jigo zai zauna.

Kafin ka taɓa almakashi, ka san ma'aunin da kake aiki da shi. Nawa 1:50 ne, wato kowace santimita ɗaya a jikin ƙaramin tana matsayin santimita 50 a jikin babban. Sambuk mai tsawon mita 20 ya dawo santimita 40 ke nan. Kowa yana tuna wannan lissafin lokacin yanka katako, amma da an zo kan zare da yadi sai a manta, a ɗauko abin da ido ya ga ya dace. Ido kuwa kullum mai kauri yake zaɓa. Igiyar da kaurinta ya kai milimita 25 a jirgin gaske, rabin milimita ce a naka. Idan ka sa mata zaren milimita ɗaya da rabi, ka ɗaura wa jirgin igiya mai kaurin damtsen mutum, kuma duk wanda ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba ko da ya kasa faɗin mene ne.

Ga yadda nake auna kaurin zare ba tare da wata na'ura ba. Ina naɗa shi sau 20 a jikin fensir, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, in ɗora rula. Idan naɗin ya ci milimita 10, zaren rabin milimita ne. Kauri uku nake tanada: kusan milimita 0.8 don babbar igiyar da ke ɗaga sanda, 0.5 don masu riƙe jigo da masu jan kusurwoyin filafili, sai siriri na 0.25 don ɗaure-ɗaure.

Zaren ɗinki yadda yake a kan ƙwarya ba ya kama da igiya, sai an tufka shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu tufkar rama ya san sirrin: kowane sili ana murɗa shi ta gefe ɗaya, sannan a haɗa su su naɗe juna ta ɗaya gefen, murɗin biyu suna danne juna shi ya sa igiyar ba ta warwarewa. Ka yanko sili uku, kowanne kamar mita ɗaya da rabi, ka ɗaure bakinsu a ƙusa ɗaya. Ka lanƙwasa waya ta zama ƙugiya ka sa a bakin abin huda na hannu, ka murɗa kowane sili shi kaɗai ta inda murɗinsa na asali ya nufa. In ka ga yana buɗewa, ka juya hannu. Ka ƙirga juyin don su zo daidai, ka maƙale wanda ka gama kada ya saki. Da ka haɗa ukun a ƙugiya ɗaya ka juya ta baya, za ka ga suna kwanciya a jikin juna da kansu. Idan na auduga ne ka jiƙa shi, ka rataye shi da ɗan nauyi a ƙasa ya kwana. Washegari ka ja shi sau biyu a kan kakin zuma, ka murza da yatsa, gashin da ke tashi a jikinsa zai kwanta.

Launi kuma, ka nemi ruwan ƙasa mai haske. Igiyar waɗannan jiragen daga zaren ɓawon kwakwa ake tufka ta, launinta ke nan. Baƙar igiyar da kake gani a hotunan jiragen Turawa na da, kwalta aka shafa wa igiyoyin da ba a kwancewa don kada ruwa ya ci su. A sambuk kusan kowace igiya ana kwance ta ana mayarwa, saboda haka baƙi ba shi da gurbi a nan.

Jigo da sanda ba su da wuya. Babban jigon sambuk yana karkata gaba, kada ka tsayar da shi cak. Kansa mai kusurwa huɗu ne, da ramuka biyu inda igiya ke bi. Sandar da filafili ke rataye a jikinta takan kai kusan tsawon jirgin kansa, kuma da yake da wuya a samu itace ɗaya mai wannan tsawon, biyu ko uku ake haɗawa a naɗe mahaɗar da igiya. Ni gora nake tsagawa in fere, in goge da samfefa har tsakiya ta fi kauri, bakunan su sirance. Sili biyu, in ɗora ɗaya kan ɗaya tsawon santimita 6, in naɗe da siririn zare wuri huɗu. Gora tana da ɗan lanƙwasa irin na sandar gaske idan nauyi ya hau ta.

Yanzu filafili, inda na fi shan wuya. Na farkon da na yi da akoko na yi shi, don na ga launinsa ya yi kama da na hotuna. Na kai wa wani dattijon tela a unguwarmu ya yi mini kalmasa da layukan ɗinki. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya rage takun kekensa zuwa ƙarshe, ya yi layi ɗaya, sannan ya ɗora rulata a kai ya ce, “Ɗana, duba nan. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar takun da keken nan ke yi, ya haura milimita ɗaya. A lissafin da ka gaya mini, kowane taku ya fi santimita biyar ke nan. Wane maɗinki ne zai yi wa jirgi irin wannan ɗinkin?” Na ce, “To Baba, yaya za a yi?” Ya ce in bar keke, in nemo yadin da ya sha wanki har ya yi laushi, in zana layukan da fensir. Tun daga ranar ban sake kai filafili gaban keke ba.

Yadin da ya fi yi mini aiki shi ne farin auduga marar kauri mai matsattsiyar saƙa, irin na tsohon hankici ko tsohuwar riga da ta ga ruwa da sabulu shekara da shekaru. Harsa ta rawani tana da sirantaka, amma saƙarta a buɗe take, ana hango ramukan, kuma bakinta yana zarewa da an yanka. Ka ɗaga yadin ka kalli haske ta cikinsa. Idan kana iya ƙirga zaren daga nisan hannu, ya yi kaushi. In sabo ne ka wanke shi sau biyu sitacin kamfani ya fita.

Mutane da yawa da ruwan shayi suke rina shi. Yana ba da launi mai kyau a ranar farko, ni ma na yi, amma shayi yana da tsami, kuma bayan 'yan shekaru na ga filafilin jirgina na biyu ya yi duhu ya fara rauni a wajen ninki. Yanzu fentin ruwa na masu zane nake ɗiga wa kofin ruwa, ɗigo biyu na ruwan ƙasa da ɗaya na rawaya, in tsoma yadin in shanya a kwance. Gara ya fito da haske a sake tsomawa, da ya yi duhu a rasa yadda za a yi. Filafilin da rana da gishiri suka daɗe suna duka fari-fari yake, da ɗan dauɗa kaɗan.

Ka fara yanka siffar a takarda, ka maƙala ta a sanda, ka ɗaga a jikin jigo ka duba. Daga nesa filafilin sambuk kamar mai kusurwa uku yake, amma huɗu gare shi: dogon gefen sama da ke bin sanda, wani ɗan gajeren gefe a gaba, gefen ƙasa, da dogon gefen baya da ke saukowa daga ƙololuwar sanda. Wannan ɗan gajeren gefen na gaba shi ne mutane ke mantawa. Ka bar tazara tsakanin gefen ƙasa da bene, ka ɗan ƙara masa ciki ya zama baka-baka maimakon miƙaƙƙen layi. Sai ka gyara takardar sau uku ko huɗu, ba komai, takarda ba ta da tsada.

Idan siffar ta zauna, ka goge yadin da dutsen guga, ka manne shi a kan allo da tef, ka zana ta a kai, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe don kalmasa. Filafilin gaske ƙyallaye ne dogaye aka jera aka ɗinke, kamar yadda ake haɗa ƙwaryar saƙi a yi riga, kuma layukan suna sauka ne daga sanda zuwa ƙasa, suna bin gefen baya. Ka zana su da fensir mai tauri wanda aka fere sosai, tazarar santimita ɗaya, hannu sako-sako. Ka juya yadin ka ɗora a gilashin taga ka bi layukan ta baya, don jirgi ta kowane gefe ake kallonsa. Kafin ka yanka, ka shafa farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa a kan layin yankan, ya bushe, sannan ka bi da sabuwar reza. Bakin ba zai zare ba.

Wajen kalmasa, ka fere wayar lantarki ka zaro silin tagulla ɗaya siriri, ka kwantar da shi cikin ninkin gefen ƙasa da na baya kafin ka manne. Shi zai riƙe maka lanƙwasar daga baya. Sannan igiyar baki: filafilin gaske ana bin gefensa da igiya don ita ke ɗaukar ja, ba yadin ba. Ka bi bakin da zaren 0.5, kana manna shi kaɗan-kaɗan da tsinken sakace, a kowace kusurwa ka bar ɗan zobe inda za a ɗaura igiya. In kana da haƙuri ka bi shi da allura da siririn zare, taku kowace milimita 3 ko 4. Wannan ɗinkin hannun shi kaɗai nake yarda da shi a jikin filafili, domin yana ɓuya cikin tufkar igiyar. Ni nakan yanko ƙananan ƙyallaye biyu ko uku masu ɗan bambancin launi in manna a matsayin faci. Jirgin da ke ɗaukar alhazai da buhuna ba ya yawo da sabon filafili. Kada ka jera masa gajerun igiyoyin nan da ke reto a jikin filafilan Turawa, waɗanda ake rage faɗin filafili da su idan iska ta yi ƙarfi. Matuƙan sambuk sauke babban suke yi su ɗaura ƙarami.

Sai ba shi ciki, yadda zai zama kamar iska na tura shi. Na gwada fanka, na gwada sitaci, abin da ya fi yi mini shi ne bayan ƙwarya. Ka samo babba mai faɗi, ka kifa ta, ka rufe da leda. Ka sirka farin gam kashi ɗaya da ruwa kashi uku, ka shafa wa filafilin da buroshi mai laushi har ya jiƙe, ka kwantar da shi a kan ƙwaryar, ka ja kusurwoyin a hankali ka manne su da tef. Cikin ya fi zurfi a gaba da ƙasa, gefen da zai hau sanda kuwa ya zauna kusan a miƙe. Ka bar shi ya kwana. Sitaci na daina sawa saboda kyankyasai na binsa. Wanda kuma yake son jirginsa a tsaye a tasha da filafili naɗe a jikin sanda, ya yanka yadin rabin zurfinsa ko ƙasa da haka, in ba haka ba naɗin zai yi ƙato.

Ka ɗaura filafilin a sanda tun tana kan tebur, kafin ta hau jirgi. Ka huda gefen sama da allura a kan kowane layin fensir, ka zura siririn zare, ka zagaye sandar ka ƙulla, kowanne da ƙullinsa.

Akwai ƙananan gumagumai masu rami da igiya ke bi ta ciki don sauƙaƙa ja, irin abin da ake rataya wa a bakin rijiya mai zurfi. Larabawa bakara suke ce masa, ni ma haka nake kiransa. Kada ka yanka su ƙanana sannan ka ce za ka huda, za su tsage ko su tsere maka. Ka fere doguwar tsinke ta katako mai tauri, kamar maɗaci, milimita 3 da 4, ka jera ramukan a jikinta, ka ja ɗan kwari a gefe inda igiyar ɗauri za ta kwanta, sannan ka yanke su ɗaya-ɗaya ka goge kusurwoyin. Na babbar igiya su biyu ne kuma manya ne, ka yi su kamar milimita 8 zuwa 10 da ramuka uku ko huɗu. A jirgin gaske ma na ƙasan ƙato ne, a kafe yake a bene.

Wajen ɗaurin, ka fara daga tsakiyar jirgi ka fito waje, don kada hannunka ya riƙa ratsa abin da ka riga ka gama. Kuma kowace igiya ka tambayi kanka aikin me take yi, daga ina ta taso, wa zai ja ta, ina zai ɗaure ta. Wadda ba ka da amsarta ka bar ta. Ta farko ita ce mai ɗaga sanda, wadda kakana ya ga ana ja da waƙa. Igiya biyu ne suke kama sandar, ba a tsakiyarta cif ba, a ɗan gaba kaɗan, yadda dogon ɓangaren zai tashi sama ta baya. Su haura su bi ta ramukan kan jigo, su sauko ta baya su kama bakara ta sama, ita kuma a haɗa ta da ta bene da igiya mai kai da komo. Wannan igiyar tana aiki biyu, tana ɗaga sanda tana kuma riƙe jigon da ya karkata gaba kada ya ci gaba da tafiya. Sai wani zoben igiya da ke rungume sanda da jigo wuri ɗaya, da 'yar igiyarsa ta tsukewa da ke sauka bene.

Kafin ka ci gaba sai ka yanke shawarar ta ina iska ke busowa, ka tsaya a kan haka har ƙarshe. In daga dama take, filafili ya kumbura zuwa hagu, igiyoyin da ke riƙe jigo su ɗaure tamau a gefen dama, kowacce da ƙananan bakara biyu a ƙasanta. A sambuk ana kwance su a mayar ɗaya gefen duk lokacin da aka juya jirgi, shi ya sa ba su da matakalar igiya irin ta jiragen Turawa. Kusurwar filafili ta gaba a ɗaure ta a goshin jirgi, ta baya kuma igiyarta ta tafi can baya a gefen hagu. In ka sa tuta, ita ma ta bi iskar. In jirginka yana da ƙaramin jigo na biyu a baya, shi ma haka za ka yi masa, komai dai a rage.

Dabaru biyu da za su rage maka ɓacin rai. Bakin zare ka ɗiga masa gam mai kamawa nan take, ya bushe, ka yanke shi a karkace, ya zama allurar kansa, ka riƙe da matsefata ka zura a rami. Amma wannan gam ɗin kada ya taɓa ƙulli, domin yana sa zare ya yi ƙyalli ya bushe ƙamas, wata rana ya karye a wurin. Ƙulli farin gam sirkakke ake ɗiga masa, wanda in ka yi kuskure ɗigon ruwa zai sassauta shi. Na biyu, kada ka ƙulle ko ɗaya har sai duk sun hau. Ka maƙale bakunansu da ƙananan maƙalai, ka ja wannan ka sassauta wancan, kana duban jigo ta gaba da ta gefe, har komai ya daidaita.

Batun ja kuwa, a nan na yi asarar da ta fi yi mini ciwo. Jirgina na biyu cikin hunturu na ɗaure shi, iska a bushe, na ja kowace igiya har tana ƙara in an taɓa. Da damina ta sauka, wata safiya na tarar jigon ya lanƙwashe zuwa dama, sandar ta tsage a mahaɗa. Tufkakken zaren auduga yana tsukewa idan ya sha laima, yana saki idan ya bushe. Wanda ya ɗaure a hunturu ya bar wa igiya ɗan numfashi, ta miƙe kawai ba tare da ta ja katako ba. Wanda ya ɗaure a damina kuma ya sani za ta ɗan saki a rani, kada ya tashi gyara ta. Zaren roba irin na teloli bai damu da yanayi ba, shi ya sa yanzu nake sa shi a igiyoyin da ke riƙe jigo, in bar auduga ga sauran, don ta fi kwanciya kamar igiyar gaske.

Ragowar igiya ba a barinta tsaye a iska. Ka yanke ta a gindin ƙulli, ka yi naɗin daban: ka zagaya zare sau biyar ko shida a jikin ƙusa mai kauri, ka jiƙa da sirkakken gam, ka zare tun bai gama bushewa ba, ka danna shi da yatsa ya kwanta, ka manna a bene ko ka rataya a inda igiyar ta ƙare, ya rufe ƙullin.

Ƙurar hunturu tana maƙalewa a kakin zuma, kuma in ta shiga tsakanin igiyoyi ba ta fita da hura baki. Ka kai wa mai yankan gilashi awon jirgin ya yi maka akwatin gilashi, ka ƙara santimita 5 ta kowane gefe, ka tuna ƙololuwar sanda ta fi jigo tsawo, daga kanta za ka auna. Ka ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, ka jefa ƙwayar kafur ɗaya a kusurwa saboda ƙwari, kana sauya ta duk farkon damina.